Alhaji Alhassan Ɗantata: Daga Zangon Ankara Zuwa Sarari

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata ya sauka ne a kan marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin Kano, wanda ya riga mu gidan gaskiya a shekarar 1955. Mun san wani zai ce, to me kuma ya saura a faɗa game da Ɗantata, mutumin da ko yaro ya san sunansa? Gaskiya ne an sha ba da labarin dukiyarsa, da dalar gyaɗa, da raƙuman da suka kai kuɗinsa banki. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika taɓowa ba, alhali kuwa shi ya fi shafarmu mu mazauna Sabo. Wannan bawan Allah ya ɗanɗani zaman baƙunci irin namu. Ya zauna a garin da ba a jin harshensa, ya yi shekaru yana sauka gidan fatoma, sa'an nan wata rana ya yanke shawarar inda zai kafa gida ya tsufa. Wannan shawara kuwa ita ce ke hana dattawanmu da yawa barci a yau: in ƙarfi ya ƙare, a tattara a koma Arewa, ko kuwa a zauna nan inda aka yi rabin rayuwa?

Ɗantata Ba'agale ne. Agalawa kuwa, ga wanda bai sani ba, 'yan kasuwa ne da kakanninsu suka gangaro daga wajen ƙasar Azbin suka zazzauna a ƙauyukan Katsina da Kano. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, shi ya ɗauko iyalinsa daga ƙasar Katsina ya kawo su Madobi. Ɗansa Abdullahi ya gaji sana'ar, yana fita da ayari daga Madobin. Yadda labarin ya zo daga zuriyar, a 1877 ayarin Abdullahi ya kama hanyar Gwanja, aka ya da zango a Bebeji, sai naƙuda ta kama matarsa Amarya, ta haifi Alhassan a nan zangon. Da Abdullahi ya dawo daga tafiyar sai ya bar Madobi ya tare a Bebeji. Mai karatu ya lura da kyau: kaka daga Katsina, uba daga Madobi, ɗa kuma a Bebeji, a Bebejin ma a zango. Kafin yaron ya yi wayo gidansu ya yi ƙaura sau biyu. Saboda haka in an ce Ɗantata ya koma gida, sai a tambaya, wane gidan?

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan tafiya ta Gwanja, domin 'ya'yanmu da suka taso suka ga tirela na ɗaukar goro daga Shagamu ta sauke shi Kano cikin kwana ɗaya ko biyu ba su san abin da kakanni suka sha ba. Ayari kan tashi da rani, ƙarƙashin madugu, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da fatu, da tufafin rini na Kano. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ke jiran fatake, a biya kuɗin fito da kuɗin hanya ga sarakunan da aka bi ta ƙasarsu, har a isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Dawowar ita ce ta fi wuya, domin goro ɗan lallashi ne. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama kada ya ɓata sauran, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Duk wanda ya yi sakaci sai ya iso gida da ruɓaɓɓen kaya. A cikin wannan sana'a aka haifi Alhassan, kuma ba ubansa kaɗai ba, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Wajen 1885 Allah Ya yi wa Abdullahi rasuwa, Alhassan yana ɗan shekara 8 ko kusa da haka. Aka raba gado bisa shari'a, amma yaran ƙanana ne, ba mai iya juya dukiya a cikinsu. Amarya ta tashi ta tafi Ankara, wato garin da Turawa ke rubutawa Accra, babban birnin Gana a yau, inda tun a lokacin akwai zangon Hausawa. Yaran ta bar su a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali, Ɗan Tata. Abin mamaki, sunan da duk Afirka ta Yamma ta sani, sunan da ke jikin kamfanoni da manyan motoci, sunan wata baiwa ce da ta riƙi marayan da ba ta haifa ba. Matan Sabo da ke riƙon 'ya'yan 'yan uwa da na maƙwabta su sa wannan a ransu.

Rabon da Alhassan ya samu na gado bai daɗe ba ya salwanta. Ya shiga makarantar allo, ya yi zaman almajirci da wahalarsa, yana ɗan aikin ƙarfi don ya ci da kansa. Tata ita ta koya masa tanadi, ta sa shi ajiya a asusu, in ya samu wuri biyu ya jefa ɗaya. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi ɗan kaya a Bebeji, ya sayar da wani a hanya, saura ya ƙarasa da shi Ankara. Mai yiwuwa yaro ya yi tsammanin ya iso wurin hutu, ga uwa mai hali. Ina! Ko gajiya bai gama warwarewa ba ta kai shi wurin malami ta ce ya zauna can ya ci gaba da karatu har lokacin komawarsa. A Ankara ya fi shan wuya bisa ga Bebeji. To amma a nan ya fara ganin teku da jiragen ruwa, ya ga yadda ake ciniki da Turawa, kunnensa ya fara sabawa da harsunan bakin ruwa. Ba a banza aka ce tafiya mabuɗin ilimi ba.

Bai daɗe da komawa Bebeji ba ƙasar Kano ta kama da wuta. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi, aka shiga yaƙin Basasa. Yusufawa suka yi rinjaye, Alu Babba ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Agalawa da yawa sun kasance a ɓangaren Tukur, saboda haka abin ya faɗa kansu. Aka ƙwace dukiyoyi, aka kama mutane, cikinsu har da Alhassan da wasu 'yan uwansa, sai ta hanyar fansa Allah Ya kuɓutar da shi. Jama'a, a duba wannan. Yaron da ya ratsa Bargu lafiya, ya zauna cikin baƙin mutane a bakin teku ba abin da ya same shi, a ƙasar haihuwarsa aka sa masa igiya, kuma Musulmi 'yan uwansa ne suka sa masa. Mukan faɗi haka ga masu cewa da zarar an ƙetare Jebba an tsira. Mun ga tashin hankalin Shagamu a 1999, mun ga na kasuwar Shasha a Badun a 2021, ba mu manta ba. Amma akwai 'yan uwanmu a nan Sabo da ƙauyukansu na asali a Zamfara da Katsina 'yan bindiga suka tashe su, har su da muke tunanin komawa wurinsu su ne suka biyo mu nan. Tsaro na Allah ne, ba ya da jiha.

Da ƙura ta lafa Alhassan ya koma fatauci, sai dai zamani ya riga ya juya. Tun 1874 da Turawan Ingila suka ci Kumasi harkar Salaga ta fara rauni, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. A ɗaya gefen kuwa ga sababbin hanyoyi. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun a 1901, wani ya haɗa tashar ruwa ta Sakunde da Kumasi a 1903, a wannan shekarar kuma Turawa suka ci Kano. Alhassan ya duba ya ga babu dalilin da zai sa goro ya yi watanni a bayan jaki. Sai ya riƙa sayen goro a ƙasar Ashanti, ya gangaro da shi bakin teku, ya sa a jirgin ruwa zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, daga nan ya haura da shi. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Asarar ruɓa ta ragu, kuɗi kuma suka riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Zuwa 1906 ya ƙara da cinikin duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa.

Wannan hanya ta Ikko da su Ɗantata suka buɗe tana da alaƙa da zamanmu a nan. Da goron Gwanja ya riƙa sauka Ikko yana bin reluwe zuwa Arewa, manoman ƙasar Yarbawa suka ga ai su ma ƙasarsu za ta yi shi, suka dasa shi a wajen Agege da Ota da ƙasar Ijabu. Masu sayen goro Hausawa suka biyo shi har gona, masu shanu kuma suka gangaro da nasu. Ta haka unguwanninmu suka yi ƙarfi, Sabon Badun ma a 1916 aka keɓe shi. Ashe ke nan da yawa daga cikinmu sawun wannan ciniki ne ya kawo kakanninmu.

Wajen 1908 Amarya ta rasu a Ankara. Ba ta sake aure ba tun bayan Abdullahi, ba ta kuma koma Bebeji da zama ba. Ta yi fiye da shekara 20 a bakin teku tana kasuwancinta, a can ajali ya same ta. Ba ma so a wuce wannan baiwar Allah da sauri, domin ita ce ta zaɓi ɗaya hanyar, wato a tsufa inda ake nema. Ba ita kaɗai ba ce a zamaninta. Babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, yaƙi ya tashe shi ya koma Kete-Krachi, ya yi limanci da karantarwa a can har ya rasu a 1934, kuma har gobe malaman Gana na alfahari da shi. Wa zai ce waɗannan sun yi asara? Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ai shi Bahaushen ne ya cika zango-zango daga Kumasi har Sudan. Sai dai zaman baƙo yana da nasa haɗarin, wanda ba ya faɗa wa mutum ranar zuwansa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita, mutane da yawa 'yan asalin Nijeriya, wasunsu ma a can aka haife su, suka baro gidaje da shaguna. Mu alhamdu lillahi a cikin ƙasarmu muke, tsarin mulki ya ba kowa damar zama inda ya so. Amma duk wanda ya taɓa neman wa ɗansa takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga makaranta ko ɗaukar aiki, aka ce ya tafi garin kakansa ya karɓo, garin da yaron bai taɓa kwana ba, ya san har yanzu baƙo raɓa ne.

Rasuwar mahaifiya ta kwance igiyar da ta ɗaure Alhassan da Ankara, sai ya mai da hankalinsa Ikko da Kano. A nan ne fa muka zo kan maganarmu. Har zuwa wannan lokaci gidansa na Bebeji. In ya shigo Kano gidan fatomansa yake sauka kamar kowane baƙo, ba ya da ko ɗaki na kansa a birni. A zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ya yanke shawarar tarewa a Kano. Bai koma Madobin ubansa ba, bai nemi Katsinan kakansa ba, Bebejin ma da aka binne cibiyarsa bai ga za ta ɗauki abin da yake hange ba. Ya zaɓi garin da kasuwa take, garin da reluwe ya nufa, domin layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Wurin da ya zaɓa a cikin birnin ma abin lura ne. Mutum mai kuɗi kamarsa zai iya neman gida a tsakiyar tsofaffin unguwannin attajirai kusa da kasuwar Kurmi. Shi kuwa sai ya tafi bayan Koki, ta wajen Ƙofar Mazugal, wani fili fetal da ba gidaje, wanda ba mai so, shi ya sa ma ake ce masa Sarari. Nan ya kafa. Da iyali suka yawaita, yaran gida suka ƙaru, kaya suka buƙaci ɗakunan ajiya, sai ya yi ta faɗaɗawa ba tare da ya roƙi maƙwabci ya sayar masa da zaure ba. Duk wanda ya san matsin da muke ciki a Sabo, inda gida ɗaya ake yanka shi ɗaki-ɗaki tsakanin magada har a rasa inda za a shanya tabarma, zai gane hikimar mutumin.

To, ga lissafin da ya kamata kowane ɗan kasuwa a cikinmu ya yi. An haife shi 1877. Ko da a ce a shekarar ƙarshe ta sarautar Abbas ya tare, shekarunsa 42 ke nan, kuma alamu sun nuna ya riga haka. Wato bai jira gwiwa ta mutu ba, bai jira ido ya dushe ba. Ya tare a Kano da ƙarfinsa da jarinsa, ya yi aƙalla shekara 36 a Sarari kafin rasuwarsa. 'Ya'yansa a nan suka taso, abokan cinikinsa a nan suke, masallacinsa da maƙwabtansa a nan. Lokacin da tsufa ya zo, ya same shi ne a cikin mutanen da suka san shi. Kwatanta wannan da abin da muke gani. Mutum ya yi shekara 40 a Kurmi, duk Sallah yana cewa baɗi zai koma. Ya aika kuɗi a gina masa gida a garinsu, wani ya ci rabi, rabin ya tsaya a linta. Ran da ciwo ya kwantar da shi sai a sa shi a mota. Ya isa ya tarar sa'o'insa sun rasu, samarin unguwa ba su san shi ba, asibitin da ya saba da shi yana can nesa. Uwargida hankalinta na wurin jikokinta a Sabo, 'ya'ya kuwa Yarbancinsu ya fi Hausarsu, in sun zo gaisuwa kwana uku sun ƙosa. Dattawa nawa muka yi wa rakiya da addu'a har tasha, bayan wata shida muka gan su sun dawo suna zaune a ƙofar shagon da suka sayar?

Mu koma kan Ɗantata. Turawa sun ja dogo zuwa Kano ne da tsammanin auduga za su kwasa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga ta kuma abinci in kasuwa ta ƙi. Tun kakar 1912 gyaɗa ta fara cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, dole suka nemi manyan 'yan kasuwar gari irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su saya musu. Alhassan ya shigo da abin da ya fi na kowa, wato abin da ya koyo a baƙunci. Ya riga ya ga yadda dillalai suka yi arziki da sayen koko wa Turawa a Gwalkwas, yana ɗan jin Turanci, ya san sikeli da lissafin kamasho, ga jari a hannu. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Yadda yake yi shi ne ya ba yaransa kuɗi tun kafin kaka su shiga ƙauyuka, su kuma su ba manoma, in an girbe gyaɗa ta zo hannunsa. Amana ce ke tafiyar da abin, kamar dai yadda maigida a Sabo ke ba da shanu bashi ga mahauta ba takarda. Cikin 'yan shekaru ya wuce duk attajiran Kano. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, kuɗin azurfa da ya kai ajiya kayan raƙuma 20 ne. A shekarar ce kuma Kamfanin Neja ya narke cikin UAC, shi kuwa ya zama babban mai saya musu. Ya sauke farali tun a shekarun 1920. Duk da wannan ɗaukaka, da ya nemi izinin fitar da gyaɗa ƙasashen waje da kansa a zamanin yaƙin duniya na biyu, Turawan mulki hana shi suka yi. An san shi da tsimi da rashin almubazzaranci har ƙarshen rayuwarsa, tarbiyyar Tata ba ta sake shi ba.

Wani abu kuma, tarewarsa a Kano ba ta sa ya yanke hulɗa da Kudu ba. Harkokinsa na Ikko da Gwalkwas sun ci gaba ta hannun wakilai. Ya sauya wurin kwana ne, hanyar abinci kuwa ya bar ta a buɗe.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, ba kowa ne zai iya bin sawunsa ba, kuma gara a faɗa. Jarin Ɗantata kuɗi ne da kaya, abin da ake ɗorawa a jirgi. Maigidan Sabo kuwa jarinsa gidajen saukar baƙi ne, da sunan da ya yi shekara 30 yana ginawa, da sanin wane mahauci ke biya wane ne ba ya biya, da basussukan da ke hannun mutane. Wannan ba ya shiga bayan mota. Ran da ya tashi, dillalansa sun koma gidan wani, masu bashi kuma sai Allah Ya kawo. Irin wannan mutum in ya ce nan zai tsufa, bai yi laifi ba, hanyar Amarya ya bi. Amma to ya yi zaman da gaske. Ya gyara takardun gidansa tun yana raye, ya rubuta abin da ake binsa da wanda yake bi, ya sa hannu a gyaran makarantar Islamiyya da katange maƙabartarmu, tunda nan za a kai shi. Wanda kuma zuciyarsa ke Arewa, ya fara tun yana da ƙarfin hawa mota. Ya je da ƙafarsa ya ga filin, ba saƙo ba. Ya buɗe ɗan abin yi a can, ya kai yara hutu su san dangi, ya zauna da uwargida a yi shawara domin ita ma rayuwarta ce. Ba kuma lalle sai ƙauyen da aka haife shi ba. In Kano ko Zariya ko Gusau ta fi masa kusa da kasuwa da asibiti da 'ya'yansa, ai Ɗantata ma Bebeji ya bari. Wanda muke jin tsoro a kansa shi ne mai ƙafa ɗaya nan ɗaya can, bai gina nan ba don zai koma, bai gina can ba don bai tashi ba tukuna.

A 1955 ciwo ya kama Alhaji Alhassan, yana da shekara 78. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne sai ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin da ya kafa ya wargaje. Bayan 'yan kwanaki, ranar Laraba 17 ga watan Agusta, Allah Ya karɓi abinsa. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aka binne shi a cikin gidansa na Sarari, filin nan da ba mai so.

Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano tun a shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin man fetur, amma gidan bai faɗi ba. 'Ya'yansa irin su Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Alhaji Aminu, suka ci gaba da harkar suka faɗaɗa ta. Halin tafiyar ma bai bar jinin ba. Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi ta wajen uwa, a Kano aka haife shi a 1957, amma Ikko ya gangaro ya kafa harkokinsa, garin da kakan mahaifiyarsa na wajen uba yake sauke goro daga jirgin ruwa, kuma a 2023 aka ƙaddamar da matatar mansa a Lekki. Shi kuwa Alhaji Aminu Ɗantata, Allah Ya yi masa rasuwa a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94. Ba a kawo shi Kano ba. Bisa burin da ya daɗe da shi, Madina aka kai shi, aka yi masa salla a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka binne shi a Baƙi'a.

Allah Ya ji ƙan Alhaji Alhassan, da mahaifiyarsa da ke kwance a Ankara, da Tata da ta rene shi, da iyayenmu da ke maƙabartar Sabo da waɗanda ke Arewa, amin.